Yawun Tela

Shagon Tela ɗan ƙarami ne. In ya miƙa hannuwansa biyu, kaɗan ya rage ya taɓa bangon nan da bangon can. A ciki akwai kekunan ɗinki biyu baƙaƙe masu feda. Ɗaya fentinsa ya goge daidai inda tafin hannu ke dafawa, ɗayan kuma an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Akwai teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa, da igiyar da aka ja daga ƙusa zuwa ƙusa, riguna na rataye a kanta kafaɗa da kafaɗa kamar masu jiran mota. Da hantsi rana takan leƙo ta ƙofa ta kwanta a kan guntayen yadin da suka zube, ja da kore da ruwan ƙwai, sai daɓen shagon ya koma lambun da babu wanda ya shuka.

A nan ya shigo yana saurayi, a nan furfura ta cim masa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Yara Baba Tela suke cewa, manya Tela kawai, matarsa kuwa Malam.

Duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya san da gaɓoɓi uku yake aiki: ƙafa a kan feda, hannu a kan yadi, sai baki. Bakin nan bai san hutu ba. In yana gwada wa mutum riga, fil na jere a leɓɓansa, a haka yake hira ta gefen baki, ko ɗaya ba ya faɗuwa. Haƙorinsa na gaba ya ɓantare a gefe, kuma a wannan ɓantarar yake datse zare, ƙit, kafin mai almakashi ya laluba aljihu. In zai zura zare kuwa, ba ya ko tunani. Ya kai bakin zaren leɓe, ya jiƙa, ya murza da yatsu biyu, sai zaren ya wuce ta kafar allura kamar mai shiga gidan ubansa.

Yayansa ne ya koya masa ɗinki, mai wancan keken da aka lulluɓe. Ranar farko da Yaya ya gan shi yana ta cusa busasshen zare yana huci, sai ya dungure masa kai.

"Jiƙa shi tukuna. Kai faɗa kake yi da shi, alhali lallashinsa ake yi."

Tun daga nan suka zauna gefe da gefe, keke na amsa wa keke. Kofi ɗaya suke shan shayi, rediyo ɗaya suke musu a kansa, kuma da safe, kafin masu ɗinki su fara zuwa, sukan tsaya gaban madubin nan mai tsaga su gyara gemu da reza ɗaya. Yaya ya fara, ya ɗauraye, ya miƙa wa ƙane.

Haƙorin nan ma Yaya ne shaidar ɓantarewarsa. Wani zazzaɓi ya kama Tela yana da ƙuruciya, Yaya ya ɗauke shi a keken hawa zuwa asibiti, aka ce sai an ɗebi jini. Tela ya miƙa hannu yana cika baki. Da ya ga jan abu na hawa cikin sirinji, jininsa na kansa yana barin gida, sai ɗakin ya juya, fitila ta koma ƙasa, shi kuma ya wuce da baki ya gaisa da gefen benci. Ya farfaɗo ya tarar da malamar asibiti na yi masa fifita da kwali, Yaya kuwa ya riƙe ciki, dariya ta hana shi tsayuwa.

Tun ranar bai sake bari ƙarfen asibiti ya taɓa fatarsa ba. In ciwo ya zo, ya haɗiyi ƙwaya, ya sha na ruwa komai ɗacinsa, amma da an ambaci ɗibar jini sai ya tuna akwai rigar da mai ita ke jira.

Maƙwabcin shagonsa, Mai Agogo, ɗan siririn tsoho mai gilashi maƙale a ido ɗaya, ya mai da wannan abin tsokana na kullum.

"Ƙato kamar ƙofar gareji, ya wuni yana huda kayan mutane, amma a ɗan tsikare shi sai ya mutu ya dawo."

"Ni yadi nake hudawa," in ji Tela, fil a baki. "Ka taɓa jin yadi ya ce wayyo?"

Cikin 'ya'yansa kuwa, autar ce ya ce ta ci amanarsa. Ta yi karatu, ta ƙare, ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti, inda aikinta na safe shi ne ɗibar jinin bayin Allah. Shi ya ɗinka mata farar rigarta ta farko, ya yi mata aljihu uku, ya kalmasa bakin hannun sau biyu. Da ta saka, ya zagaya ta yana kallo, ya ce, "Kin yi kyau, Auta. Amma in kin gan ni a titi cikin rigar nan, kada ki gaishe ni."

Haka rayuwa ta yi ta gungurawa da sautin feda, har shekarar da Yaya ya fara gajiya. Ya bar cin abinci sosai. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ƙafafu suka kumbura har feda ta gagare shi. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta daɗe zaune a hantarsa, shekara da shekaru, tana ɓarna shiru ba ta ko tari. Da an gano ta da wuri, da akwai magani. Yaya bai ga ƙarshen shekarar ba. Tela da hannunsa ya yanko farin ƙyalle ya rufe keken.

Likitan ya ce duk wanda ya zauna kusa da mamacin ya zo a gwada shi, musamman wanda suka yi tarayya a reza. Matar Yaya ta je, 'ya'yansa suka je, matar Tela da nasa yaran duk suka miƙa hannu, aka ce lafiyarsu lau. Saura mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ya yi rabin rayuwarsa yana karɓar reza daga hannun Yaya.

"Malam, yaushe za ka je?" in ji matarsa.

"In na gama kayan nan."

"Kayan nan tun ina amarya kake gama su."

Ya yi dariya, amma da safe in ya tsaya gaban madubi, sai ya tsinci kansa yana jan fatar idonsa ƙasa, yana duba launin farin. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya, na sirinji da na abin da ya ɗauke Yaya, kowanne na ja, shi kuwa ya tsaya cak kamar keken da zare ya sarƙe masa.

Wata rana da yamma Auta ta biyo ta shago daga wurin aiki. Ta ture guntayen yadi ta zauna a benci, tana murmushin wanda ya zo da abu a ɓoye.

"Baba, an kawo mana sabon gwaji. Ba jini, ba huda."

"To da me? Da kallo?"

"Da yawu."

Ya cire fil daga baki ɗaya bayan ɗaya. "Yawu dai? Wannan da nake jiƙa zare?"

"Shi. Abubuwa da yawa da ke yawo a jini suna barin sawunsu a cikinsa. Za ka tofa a 'yar kwalba, mu duba. In babu komai, shi ke nan. In an ga alama, sai a yi magana ta gaba."

Maganar gaban nan bai tsaya jin ta ba. Ya miƙe ya leƙa shagon maƙwabci.

"Mai Agogo! Ka ji duniya ta yi hankali? Sun gane abin da na daɗe ina faɗa. Shekaru suna huda mutane a banza, ashe amsar na bakinsu."

"Kai dai Allah ya rufa maka asiri," in ji Mai Agogo, bai ko ɗago ba. "Sai ka je ka cika musu bokiti."

Auta ta gindaya masa sharaɗi kafin ta tafi. Rabin awa kafin gwajin, babu ci, babu sha, babu goge baki, babu tauna komai. Kuma kada ya sa fil ko zare a baki.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Tela.

Washegari ya saka rigarsa mai ruwan toka, wadda ya fi ji da ɗinkinta. Kamar kullum, allura na soke a bayan wuyan rigar, ɗan kwarkwaron zare na cikin aljihu, don bai taɓa fita ba tare da su ba. Zai wuce ke nan Mai Agogo ya yafuto shi, ya cusa masa lemon tsami a ɗaya aljihun.

"In abin ya ƙi zuwa, ka ɗan tsotsa. Dabarar manya ce."

Matarsa ta raka shi, wai don kada ya ɓace a hanya.

Asibitin na da dogon baranda mai benci, da ƙofofi masu launin sararin sama. Tela ya shiga da fara'a, yana gaishe da kowa har da mai shara. Amma da suka doshi ƙofar ɗakin gwaji, warin nan ya tare shi, warin maganin da ake goge fata da shi kafin a huda. Shi ne dai warin wancan ɗakin na ƙuruciya, bai tsufa ba ko kaɗan. Ta ƙofar ya hango wata mata zaune, an ɗaure mata dantse da roba, ta kau da kai. A kan tire ga sirinji sababbi a jere cikin ledarsu. Harshen Tela ya taɓa ɓantararren haƙorin da kansa.

Auta ta zaunar da shi a kujerar kusurwa, ta juya masa baya ga tiren. Ta miƙo 'yar kwalba mai faɗin baki, da ɗan layi a jikinta.

"Zuwa layin nan kawai, Baba. Kumfa ba ya cikin lissafi."

Ya karɓa, ya gyara zama, ya tattara baki. Babu komai. Ya sake. Ya motsa harshe ya zagaya ko'ina, sama da ƙasa, kamar mai neman maɓallin da ya faɗa ƙarƙashin tebur. Bakin da bai taɓa ƙafewa ba tun yana saurayi, yau ya bushe ƙamas, harshe ya zama guntun kwali. Da ƙyar ya samu ɗan farin kumfa ya manne a gefen kwalbar, abin kunya.

"Ki ba ni ruwa in ɗan kurɓa."

"Ba dama, Baba. Sai mu sake jira daga farko."

Ya saci jiki ya zura hannu a aljihu. Auta ta riga shi.

"Mene ne wannan?"

"Lemo ne. Tsintarsa na yi."

"A aljihunka ka tsince shi? Aikin Baba Mai Agogo ne wannan, na san hannunsa." Ta jefa lemon a aljihun rigarta. "Tsamin zai ɓata gwajin. Ka kwantar da hankalinka, ka tuna wani abinci mai daɗi."

Ya rufe ido ya tuna duk abin da ya taɓa ci mai daɗi. Kowanne ya zo ya wuce, warin maganin nan ya kore shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wato ruwan jikinsa ya yarda ya fito ta ko'ina ban da inda ake nemansa.

"Baba," in ji Auta a hankali, "in ya ƙi, ba mu da wata hanya sai ta hannu."

Ya dubi ƙofa. Tsakaninsa da ita taku kaɗan ne, kuma ya san in ya fita yau ba zai dawo ba. Zai koma gaban madubi ya ci gaba da jan fatar ido har ranar da launin zai sauya.

Matarsa na tsaye jikin bango, jaka a hammata, tana kallonsa irin kallon da ta daɗe tana yi masa daga ƙofar shago in ta kawo abinci. Sai ta matso, ta zare allurar nan daga bayan wuyan rigarsa, ta zura hannu a aljihunsa ta ciro zaren.

"Me za ki yi?"

"Maɓallin jakata ne ke rawa. Kai dai yi abin da ya kawo ka."

Ta tsinke zaren da hannu, bakinsa ya tarwatse kamar gemun akuya. Ta tsaya daidai gabansa, ta ɗaga allurar sama, ta shiga cusa busasshen zaren. Ya lanƙwashe. Ta sake, ya rabu biyu, rabi ya shiga rabi ya tsaya a waje. Ta ja baya ta sake cusawa.

Tela ya yi ƙoƙarin kau da kai, ya kasa.

"Ba haka ake yi ba."

"Na iya."

"Ba ki iya ba. Ki jiƙa shi."

"Zai shiga a haka."

"Ba zai shiga ba! Ke faɗa kike yi da shi. Kawo nan, kawo..."

Maganar ta sarƙe, domin bakinsa ya cika. Daga ƙarƙashin harshe abin ya ɓuɓɓugo, kamar rijiyar da aka yashe, ya taru yana jiran zaren da ya saba tarba tun zamanin Yaya. Ya miƙa hannu zai karɓa, matar ta ɗaga zaren can sama.

"A'a, Malam. Kwalba."

Ya tofa. Ta sake kawo zaren kusa da allura, ta sake kuskurewa da gangan, bakin ya sake cika. Kafin a jima ruwa ya haura layi. Auta ta karɓe kwalbar ta rufe, tana dariya har da hawaye, wani abokin aikinta can gefe ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa na rawa.

"Inna, wallahi sai mun ɗauke ki aiki."

"Ku bar ni," in ji uwar. "Ni wannan bakin kaɗai na karanta."

Tela ya karɓi allurarsa, ya jiƙa zaren, ya zura shi a tashi ɗaya, don dai ransa ya kwanta.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta sake biyowa ta shago. Wannan karon ba ta ture yadi ta zauna ba. Ta tsaya kusa da keken da aka lulluɓe, ta dafa shi. Tela ya ɗauke ƙafa daga feda.

"An ga alama, Baba. Yawun ya nuna ƙwayar ta taɓa shiga jikinka. Ko tana nan har yanzu, da kuma inda ta kai, wannan jini ne kaɗai zai faɗa. Likita ya ce in tana nan, akwai magani, kuma da ƙafarka ka zo, ba ɗauko ka aka yi ba."

Ya dubi farin ƙyallen. Abin mamaki, tsoron da ya yi zaton zai danne shi bai zo da nauyin da ya sani ba. Da can duhu yake tsoro. Yanzu an kunna fitila, ya ga abin da ke ɗakin, kuma Yaya bai samu wanda ya kunna masa ba.

"Ke za ki ɗiba?"

"In kana so."

"To ki ji. A kwance za a yi, don sauran haƙoran nan ina da aiki da su. In na suma kuma, kada ki tashe ni sai kin gama."

Da safe ya kwanta a ɗan gadon ɗakin gwaji, ya miƙa hannu ɗaya can nesa kamar ba nasa ba, ya juya fuska. Warin nan ya zo. Roba ta kama dantse. Ya buɗe ido don ya ga ta inda suman zai ɓullo, sai idonsa ya faɗa a kan gefen rigar Auta. Ba wadda ya ɗinka ba ce, asibiti ne suka raba musu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Wane aiki, Baba?"

"Dubi bakin aljihun nan. Ɗinki ya tafi kamar sawun mashayi. Ko kalmasa bai yi ba, ya bar zare na reto. Wannan in yarona ne, sai ya farke shi da haƙori. Kuma dubi maɓallin, huda biyu kawai ya bi, saura biyun ya bar wa wa?"

"Danne nan."

"Me zan danne?"

"Audugar. An gama."

Ya dubi hannunsa, ga 'yar farar auduga. Ya dubi 'yarsa, ga kwalba ja a hannunta tana rubutu a jiki.

"Yaushe?"

"Tun kana kan aljihu."

Ya tashi zaune a hankali, yana jiran ɗakin ya juya. Ɗakin ya tsaya inda yake. Har wani haushi ya ji.

"Wato wannan ne? Wannan ɗin ne na yi ta gudu tun ba a haife ki ba?"

Jinin ya tabbatar ƙwayar na nan, amma ba ta yi nisa ba. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyin magani, ya sha su da ƙa'ida, matarsa na tsaye a kansa kamar mai gadi. Aka sake ɗibar jini ba sau ɗaya ba, kowane zuwa sai ya samo aibin da zai duba a rigar wani. Daga baya likita ya ce an nema an rasa ta.

Yanzu Tela ya zama mai wa'azin yawu. Duk wanda ya zauna a benci sai ya ji labarin, da fil a baki, kuma kullum layin kwalbar na ƙara tsawo. Shi ya ja Mai Agogo da kansa zuwa asibitin, da bakin tsohon ya ɗan yi jinkiri, Tela ya zaro allura da zare ya shiga kuskurewa a gaban hancinsa.

"Me kake yi haka?" in ji Mai Agogo.

"Taimakonka nake yi. Ba ka ji komai ba?"

"Na ji kamar in mare ka."

Rigar Auta kuwa ya karɓe ta tun ranar da ta fara ɗibar jininsa. Ya farke aljihun, ya sake shi, ya bi duk hudojin maɓallan. Ya yaye farin ƙyallen nan, ya zuba wa keken Yaya mai, don keken nan ne ya fi iya ɗinkin farin yadi mai kauri. Rana na kwance a kan guntayen yadi lokacin da ya kai bakin zaren leɓe, ya jiƙa, ya murza, ya ɗora ƙafa a kan feda.